Tsoho da Sujadar 'Yan Kasuwa

Tsoho ya yi min wayo. Ranar Laraba da hantsi ya sulale ya tafi, ana dab da Babbar Salla, lokacin da rago ke tafiya a kasuwa yana jin kansa kamar ciyaman. Ya bar min tsohuwar matarsa, da wani keke wanda ko ɓarawo sai an haɗa shi da Allah kafin ya ɗauka. Kakana ne, shi ya haifi babana. Ni jika ne, don haka kada wanda ya harare ni in ya ji ina dariya a kan mamaci. Tun ina rarrafe muke tsokanar juna, kuma ban ga dalilin da zai sa in daina don kawai ya kwanta ya yi shiru ba.

Jama'a, ku zo ku ga mutane! Ƙauyenmu yana tsakanin Daura da Mai'adua, kuma mu Kiristocin cikinsa in aka matsa mu da kyau, motar kwasar shanu ɗaya za ta kwashe mu har da kajinmu. Amma ranar da aka binne Tsoho sai da awakin unguwa suka rasa wurin tsayawa. Dillalan dabbobi sun zo da sandunansu. Buzaye sun tsallako daga Nijar da rawunansu, suka zauna a inuwa suna girgiza kai. Matan zumunta na coci suna buga tulu suna waƙa, hawaye na zuba, ƙafa kuma tana rawa, don su ba su iya raba biyun ba. Ƙanen Tsoho, Alhaji, wanda ya musulunta tun kafin a haifi babana, shi ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya ce masa "Ya haƙuri?" sai ya buɗe baki zai amsa, kuka ya riga shi. Dattijo da furfura har a gira, yana ta faɗin, "Yaya ya tafi, wa zai yi min faɗa yanzu?"

Iya kuwa, matar tasa, wadda nake kira amaryata, ko ɗigon hawaye ba ta yi a gaban mutane ba. Ta dubi kwanon kunun da ta dama ta kai masa asibiti da safen, ta ce, "Ka ga mutumin nan ko? Bai ma sha ba. Komai nasa gaggawa."

Na ce, "Amarya, ai yanzu fili ya zama nawa."

Ta ce, "Tafi can, mijin da ko gemu bai gama haɗawa ba." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Ban sani ba ko dariya ce ko ɗayan. Ban tambaya ba.

Mu 'yan acaɓa mu muka haƙa kabari. Har cacar baki aka yi a kan shebur, kowa na so a ce ya sa hannu. A bakin ramin ne wani abokina da muke tasha ɗaya ya share zufa ya ce min ƙasa-ƙasa, "Shi ke nan fa. Yanzu za a rufe mana." Babu wanda ya tambaye shi me za a rufe. Duk mun sani: sujadar asuba ta ranar Lahadi, wadda ake kira sujadar 'yan kasuwa. Tsoho ne ya kafa ta da ƙarfin tsiya, majalisar dattawan coci kuma ta ce ta yarda ne muddin yana numfashi. To ga shi ya daina numfashin. Kuma ga yawancinmu, in aka kulle wannan ƙofa, babu wata ƙofar coci da ta rage mana.

Bari in ba ku labarin daga tushe, don 'yan baya su san irin mutumin da muka yi.

Kasuwar Mai'adua ranar Lahadi take ci. Ban san wanda ya zaɓi ranar ba, amma na tabbata bai yi shawara da wani fasto ba. A zamanin su Tsoho abin bai dami kowa ba. Gona da faɗi, rumbu a cike, mutum ya huta ranar Lahadi bai rasa komai ba. Shi kansa Tsoho dillali ne, irin wanda zai hango bijimi daga nesa ya gaya maka abin da uwarsa ta ci tana da cikinsa. Amma tun ranar da aka yi masa baftisma bai sake taka kasuwar Mai'adua ba. Kasuwar da in iska ta juyo muna jin kukan shanunta daga tsakar gida! Sai ya riƙa bin kasuwannin sauran ranaku, yau Daura, gobe wani gari, duk inda aka kafa turke. A can dillalai suka san shi. In aka kira azahar kowa sai ya miƙa masa igiyar dabbarsa, ka gan shi shi kaɗai a tsakiyar rana riƙe da igiyoyi kamar su yake sayarwa, har a idar. Da azumi kuwa ko goro ba ya ci a gabansu.

Mu muka taso gona ta koma tabarma. An raba, an sake rabawa, rabon da ya zo kaina in na kwanta a ciki ƙafata tana gonar maƙwabci. Sai muka kama mashin. Kuma duk ɗan acaɓan yankin nan ya san Lahadi ce uwar mako: ka ɗauki mutum, ka ɗauki rago, ka ɗauki mutum rungume da rago. 'Yan matanmu su ma ranar suke kai awara da fura. Wanda ya rasa Lahadi ya rasa tuwon sati.

Ana nan sai aka kawo mana sabon Fasto. Sa'an jikokin Tsoho ne manya, siriri, mai tsabta, ya fito daga makarantar aikin fasto da zafinsa. Kada ku ji kamar na ce mugu ne. Mutumin kirki ne. In ɗanka ya yi zazzaɓi, shi zai riga ka isa asibiti. Aibinsa biyu. In ya fara wa'azi sai gero ya nuna bai ce "a ƙarshe" ba, in kuma ya ce "a ƙarshe" ɗin, to gyara zama, yanzu aka fara. Na biyu, bai yarda da kasuwar Lahadi ba ko ƙanƙani. Ya ce ranar Ubangiji ce, duk wanda aka gani a kasuwa za a sa shi horo.

Horo, ga waɗanda ba su sani ba, shi ne a mayar da kai bencin baya can bakin ƙofa, ba ka cin jibin Ubangiji, wato gurasar da ake rabawa a coci don tunawa da Almasihu, ba ka waƙa cikin mawaƙa, duk wanda ya shigo ya san ka yi laifi. Da can mutum ɗaya ko biyu ke zama a bencin nan, kai a sunkuye. A zamanin Fasto sai da aka kira kafinta ya ƙaro. Ni ne shugaban bencin. Katakon har ya lotsa daidai da mazaunaina. Daga baya ma muka gaji. Wa zai bar kasuwa ya zo a riƙa nuna shi da baki? Wasu suka koma jin wa'azi a waya. Wasu in sun shiga Daura sai su leƙa cocin masu Turanci da manyan lasifikoki, su dawo ba abin da suka gane sai "amin". Wasu suka watsar da komai, sai ranar Kirsimeti a zo a ci shinkafa.

Wata Lahadi da damina ruwa ya wayi gari yana zuba, hanya ta yanke, babu kasuwa. Duk muka kwaso muka zo coci, don babu wurin zuwa, iyaye mata kuma sun ishe mu. Ranar cin jibi ce. Gaba fayau, tsofaffi jefi-jefi kamar haƙoran Iya. Baya kuwa mun cushe har kan taga. Fasto ya ɗaga faranti zai fara rabo, sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sandar Tsoho ce. Ya taso daga kujerar dattawa, ya ratso tsakiyar coci yana jan ƙafa, ya zo kaina ya zungure ni.

"Matsa, ɗan banza."

Na matsa. Ya zauna.

Fasto ya ce, "Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, Fasto. Na ga ikilisiya ta koma baya ne, shi ne na biyo ta."

"Baba, ai kai ba ka cikin horo."

"To sa ni. Ni na haifi iyayensu. In sun lalace, daga kaina aka fara."

Ranar Tsoho bai ci jibi ba, mutumin da ko yana rarrafe sai ya zo ya ci. Ni kuwa daɗi kamar in tashi in yi juyi. Na raɗa masa, "Tsoho, barka da zuwa unguwarmu." Ya ce, "Rufe min baki, warin fetur kake yi."

Majalisa ta zauna a kan maganar, kuma ba sai an ba ka labari ba, muryoyinsu har bakin rijiya. Fasto ya ce in an lanƙwasa yau saboda kasuwa, gobe za a lanƙwasa saboda ƙwallo, wata rana a duba a ga babu abin da ya rage a tsaye. Ni da ke bencin baya ma na san akwai gaskiya a ciki. Kawu, wan innata, shi ne sakataren coci, kuma shi ya fi kowa zafi. Ya ce gidan Allah ba tasha ba ne. Tsoho ya bari duk suka juye abin da ke cikinsu, sannan ya gyara murya.

"Ni ban ce kasuwar Lahadi ibada ce ba. Da ibada ce, da ban bar ta tun ina da baƙin gashi ba. Amma ni dillali ne. In dabba ta tsinke min, ba na tsayawa a turke ina zaginta. Bin ta nake yi, dusa a hannu, igiya a baya. Ku ba ni asuba. Da asuba ai babu mai amfani da ɗakin nan, jemagu ne kawai ke sujada a ciki."

Aka ja, aka ja. Daga ƙarshe Fasto ya ce, "Baba, don girmanka. Duk mai zuwa, za a jingine masa horo. Ni ba zan hana ba, ba kuma zan sa ƙafa ba. Amma ranar da babu kai, maganar ta mutu."

Tsoho ya ce, "Madalla. Sai in ƙi mutuwa."

Kuma ya yi ƙoƙari, a gaskiya. Ya daɗe yana ƙi.

Ku ji yadda ake yin ta, don ban taɓa jin irinta a ko'ina ba. Ba mu da agogo, ba ma bukata. Tsoho ya ce ladanin masallacin su Alhaji yana tashin gari kyauta, kuma bai taɓa cewa ban da Kirista ba. Da ya ɗaga murya sai ka ji mashina suna ɓullowa ta kowane lungu. Kowa da kayan kasuwarsa yake zuwa. Raguna a ɗaure a gindin darbejiyar coci, kaji a kife cikin kwando, 'yan mata da robobin awara suna ta ƙamshi har mutum ya manta baitin da ake ciki. Kuma dole a gama kafin a fito daga masallaci, saboda fasinjojinmu ne a ciki. Tsoho yakan ce, "Su yi sallama, mu ce amin, kowa ya hau." In ka ji mun kwashi waƙa a guje kamar an biyo mu, to ya hango ta taga an fara laluben takalma a ƙofar masallaci.

A bakin ƙofa yake tsayawa da hularsa a buɗe, kowa ya jefa wayarsa a ciki. Wani ya taɓa ce masa, "Baba, ai aya nake dubawa." Ya ce, "Ayar da ke kuka da kanta in budurwa ta tuna da kai? Jefa." A kan masu wa'azin waya kuwa cewa yake, "Saurare shi, ban hana ba. Amma ranar da ka faɗi a kan mashin, kira shi ya zo ya ɗauke ka mu gani."

Wa'azinsa ba ya wuce shan kofin koko, kuma duk da bakin kasuwa yake yin sa. "Kai mai ɗura wa akuya ruwan kanwa don cikinta ya tashi, Allah ya san ta tun tana ramammiya!" Sai wani rago ya yi kuka daga waje, Tsoho ya ɗaga yatsa: "Kun ji shaida." Wata rana ya ce, "Kai mai ɗaukar mutum huɗu da tunkiya kana cewa Allah ya kiyaye. Zai kiyaye, amma taimaka ka sauke ɗaya." Duk ɗakin ya juyo yana kallona. Sharri ne, jama'a. Uku ne da tunkiya. Ta huɗun goyo ce.

Ni dama bai taɓa yarda da maganata ba. Yakan ce in na gaya masa rana ta fito, sai ya leƙa waje tukuna. Na taɓa ba shi labarin yadda na tsere wa guguwa daga bakin boda har gida, ya ce, "Guguwar ce ta ji ƙaryarka ta juya."

In ya zo addu'a kuwa, duk wasa ya ƙare. Ɗaya bayan ɗaya yake kiran mu, ɗan wance, 'yar wane, ya roƙa mana hanya, ya roƙa mana gaskiya a baki, ya roƙa kada mu dawo da abin da ba namu ba. Za ka ga ƙato wanda ko jami'in boda ba ya tsoro yana share ido da bayan hannu. Muna watsewa, shi sai ya koma ya zauna a gindin darbejiya ya jira babbar sujada, ya sake yi daga farko. Har ya mutu bai bi mu kasuwar nan ba. Iya da farko "cocin tasha" take kiran abin, ta ce ya mayar da ita matar ladan. Daga baya sai ga ta da bokitin kunu kowace Lahadi, wai ragowa ce. Ragowar da ke ƙosar da ƙarti cike da ɗaki!

Akwai abin da ba zan manta ba. Taubashina, ɗan goggona, yana cikin waɗanda suka daɗe da barin zuwa tun zamanin benci. Wata rana ya musulunta, ya yi aure can gefen su Alhaji. Mata suka cika gida da kuka kamar an yi rasuwa. Tsoho ya fito ya buga sanda a ƙasa. "Wa ya mutu? Hanya yaro ya canja, bai canja kaka ba." Da aka yi wa yaron haihuwa, Tsoho ne ya je da kansa ya zaɓo ragon suna, ya zauna cikin malamai a kan tabarma har aka shafa. Kuma duk asubar Lahadi sai ya sa shi a addu'ar hanya, tun da shi ma mashin yake ja. Tsoho ya ji ciwon abin, na sani, don sai da ya yi kwanaki bai tsokane ni ba. Amma bai bari yaron ya gani ba ko sau ɗaya.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Fasto ne ya yi ta zama da shi a asibiti a Daura, yana ba shi ruwa a cokali. Shi ya yi wa'azin jana'iza. Bayan an dawo daga maƙabarta, Kawu sakatare ya miƙe ya ce yana tunatar da jama'a hukuncin majalisa: daga wannan Lahadi, sujada ɗaya ce. Aka ci gaba da gaisuwa. Gidan makoki ne.

Asubar Lahadi ina kwance idona biyu. Ladan ya kira. Sai na ji mashina suna tahowa, don ƙafa ta riga ta saba. Suka tsaya a ƙofar coci, inji yana ta kaɗawa. Wani ya danna oda sau ɗaya, a hankali, kamar mai sallama a gidan surukai. Babu wanda ya buɗe. Can sai na ji suna juyawa ɗaya bayan ɗaya. Ni da na tsufa a kan mashin ban taɓa sanin ƙararsa tana iya kama da kuka ba sai ranar.

Ban fita kasuwa ba, don Iya ta ce ni zan raka ta babbar sujada. Muka je. Tsofaffi, da ƙananan yara, da ni. Bencin horon ma babu kowa. Lokacin sanarwa ya yi aka nemi sakatare, sai aka ce ya aiko zazzaɓi ya kwantar da shi. Fasto ya yi wa katako wa'azi, yana yi yana duban ƙofa.

Ana tashi ya yafito ni. "Ɗan'uwa, akwai mai a mashin ɗinka?"

"Akwai, Fasto. Asibiti za mu?"

"Mai'adua."

Na ce, "Fasto, yau fa Lahadi."

"Na sani. Ni na yi wa'azi." Sai ya rage murya. "A asibiti kakanka ya riƙe hannuna ya ce, 'Ban roƙe ka ka buɗe ba. Ka dai je sau ɗaya ka ga inda suke, sannan ka kulle.' Na ce masa to. Na riga na kulle ban je ba. Ta da mashin. Amma ka sani, ko ruwan leda ba zan saya ba."

Kai, jama'a! Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Kasuwar jajibirin salla ce, mutum a kan mutum, rago a kan rago. Tireloli sun yi layi ana loda musu dabbobin da za su kudu, dillalai na ta rantsuwa, raƙuma na kallon kowa a raine. Sai ga ni na kutsa ciki da Fasto a baya, farin kwalansa na limamin coci yana ƙyalli a wuya. Da zaki na goyo da ba a firgita haka ba. Wata ƙanwata mai awara ta kifa faranti a kanta, wai ta ɓuya. Shugaban mawaƙanmu yana saman tirela rungume da rago, ya rasa ko ya sauke ragon ko ya sauke kansa. Muna karya kwana sai na hango ƙafafu a bayan wani raƙumi, ƙafafu shida. Na ce ko dai an fara ƙera sabon samfuri ne? Na zagaya. Kawu ne, riƙe da igiyar bijimi, bijimin na can gefe.

Na ce, "Kawu, ya jiki?"

Fasto ya ce, "Sakatare, Allah ya ƙara sauƙi."

Kawu ya fito daga bayan raƙumin. Sai ya sauke kai ya ce, "Fasto, salla ce ta zo. In ban sayar yau ba, sai baɗi. Ga taki ban saya ba, ga shuka ta fito." Na shirya in yi dariya har in faɗi, amma da na ji maganar taki sai na fasa. Fasto ya matso kusa da shi. Kafaɗarsa kawai ya dafa, ya wuce.

Haka muka yi ta ratsawa a ƙasa. Duk inda ya juya, nasa ne. Yana kiran su da suna, suna amsawa suna kallon ƙasa. Can sai abokin nan nawa na bakin kabari ya ture mutane ya zo ya durƙusa a gabansa, cikin kashin shanu, ko a jikinsa.

"Fasto, sa mu horo in ka ga dama, mun saba. Amma yi mana addu'a ko gajera ce. Tun safe nake tuƙi kamar na manta wani abu a gida."

Fasto ya dube shi. Sai ya ce, "Kira su." Kafin ka ce me, an taru a bayan wata tirela, masu igiya da igiyarsu, masu faranti da farantinsu, Kawu daga can gefe da bijiminsa. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, shanu na kuka, direba na danna oda. Da muka ce amin, har wani Buzu da ke wucewa sai da ya waiwayo.

Muka kamo hanyar gida. Da muka bar kwalta Fasto ya ce, "Kada ka je ka ce na yarda da kasuwar Lahadi. Ban yarda ba, kuma ba zan daina faɗa ba."

"To, Fasto."

"Amma gara in faɗa wa fuskokinku da in faɗa wa katako. Ka gaya musu Lahadi mai zuwa ƙofa a buɗe take da asuba. Ni zan tsaya."

Saura kaɗan in shiga gonar mutane. "Majalisa fa?"

"Majalisa tana bayan raƙumi. Manyan coci na gunduma ne abin ji. Suna iya ɗauke ni daga nan su kai ni inda ko mashin ba ya zuwa. In sun kira ni, kai za ka kai ni."

Sai na ji goshinsa a bayana, rigata tana jiƙewa. Na ce, "Fasto, lafiya?" Ya ce zufa ce. Na ce haka ne, bana akwai zafi.

Hanyarmu ta gefen maƙabarta take bi. Ƙasar kabarin ko bushewa ba ta gama yi ba. Na danne oda da duk ƙarfina, na ƙwala ihu, "Tsoho, ka ci! Ka ji ko? Ka ci!" Fasto ya ce, "Kai, yi a hankali, wurin matattu ne." Na ce, "Fasto, wannan ba ya jin magana sai an ɗaga murya."

An buɗe ɗin kuwa, kuma har yau a buɗe take. Manya ba su yanke ba tukuna. Muna jira, Fasto na jira, amma muna jiran ne a ciki.

Allah ya ta'azantar da Iya, da Alhaji, da duk wanda Tsoho ya taɓa zungura da sanda. Kai kuma Tsoho, Ubangijin da ka yi wa dillanci har ƙarshe ya karɓe ka hannu biyu, ya ba ka inuwa mai sanyi. Roƙona ɗaya: ka huta tukuna. Kada ka isa yau, gobe ka ce za ka canja musu lokacin sujada.